Layukan Da Sista Ba Ta Goge Ba

Shekara goma sha tara Sista ta yi tana aikin jinya a asibiti, tana ɗaga majinyata daga gado zuwa keke, daga keke zuwa gado, har ranar da bayanta ya ce shi kam ya gaji. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton bayan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mata in tana son ta kai tsufa a kan ƙafafunta, to ta nemi aikin zama. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta miƙa takardar barin aiki. Bayan wata huɗu maigidanta ya shigo mata da fom ɗin jami'a ya ajiye a gabanta. Babbar difloma ce ta bayan digiri a fasahar kwamfuta, an buɗe ta don mutanen da ke son sauya sana'a.

"Ni da yatsa biyu nake danna waya," ta ce masa.

"To ai saura takwas suna hutawa," in ji shi. "Ki cike kawai, Maman yara. Zaman gidan nan ya fara sa ki auna mini jini sau uku a rana."

Ajin nasu abin kallo ne. Akwai tsohon ma'aikacin banki, akwai lauya, akwai mai zanen gidaje, kowa da furfurarsa da tabaransa, kowa kuma ya saba a ce masa ranka ya daɗe a inda ya fito. Sai ga su a jere kamar 'yan firamare a gaban Dakta, malamar darasin rubuta manhaja, wadda Sista ta girme ta da shekara goma sha biyar cif. Kujerar da ke kusa da ta Sista ta wani tsohon malamin sakandare ce, wanda ya koyar da lissafi shekara ashirin da biyu. Jan biro uku ne a aljihun rigarsa kullum, shi ya sa ajin ya laƙaba masa Malam Jan Biro. Ko takardar sanarwa ya gani a bango sai ya tsaya ya gyara mata waƙafi.

Zangon farko Sista ta sha da ƙyar. Makinta bai wuce na tsira ba, kuma kowa ya sani, don ita ba ta iya ɓoye takarda ba. Amma a mako na uku ta koyi wani abu da ya kwanta mata a rai. Dakta ta nuna musu cewa in ka sa wata 'yar alama mai kama da tsani a farkon layi, kwamfuta za ta tsallake layin, ba za ta yi aiki da shi ba, amma yana nan mutum zai iya karantawa. Sista ta gyara zama. Wannan ai ta san shi tun kafin Dakta ta gama firamare.

A shekararta ta farko a ɗakin jinya ta taɓa rubuta hamsin a katin wani majinyaci maimakon biyar. Biyar ɗin ta ba shi, hannu ne kawai ya zame wajen rubutu. Ta lura, ta ɗauko farin ruwan nan na shafe rubutu ta shafe tas, ta rubuta biyar a kai, tana jin ta yi tsabta. Metiron, shugabar ma'aikatan jinya ta lokacin, mace ce doguwa wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ta ɗaga katin a gaban likitoci da ɗalibai da masu shara, ta kankare farin da farcenta.

"Ke yarinya, wanda ya zo bayanki ta ina zai san abin da ya faru a nan? Hamsin kika ba shi kika ɓoye, ko biyar?"

"Biyar ce, ranki ya daɗe."

"Wa zai shaide ki? Kin goge shaidarki da hannunki. Layi ɗaya ake ja, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. Ki rubuta daidai a gefe. Ki sa lokaci. Ki sa hannu. A ɗakina ba a goge rubutu."

Ranar a ɗakin ajiye zannuwan gado Sista ta yi kukanta. Ta tsani matar nan tsana mai tsanani, ta kuma riƙe abin a zuciya shekara da shekaru. Da Metiron ta yi ritaya aka shirya mata taron ban kwana, Sista ta ce tana da aikin rana, alhali ita ta roƙi a musanya mata. Amma hannunta bai sake goge komai ba, ko a takardar cefane.

To haka ta shigo da halinta cikin kwamfuta. Duk layin da ta yi kuskure ba ta share shi. Sai ta sa masa alamar tsani, ta rubuta sabon a ƙasa, ta ƙara bayani da rana da lokaci da haruffan farko na sunanta. Aikinta na kammala karatu manhaja ce ta miƙa aiki tsakanin ma'aikatan jinya, wadda masu aikin safe za su rubuta abin da suka ba kowane gado, masu aikin rana su tarar. Wata huɗu ta yi a kai, a teburin cin abinci, da filo a bayanta. Layukan da ke aiki ba su wuce ɗari shida ba, amma fayil ɗin ya haura layi dubu biyu, duk gawarwakin kurakuranta na kwance a ciki kowanne da katinsa.

Akwai ma'ajiyar makaranta a intanet inda Dakta ta ce kowa ya riƙa tura aikinsa duk ranar da ya taɓa shi, don a ga yadda yake girma. Sista ta ji, amma ba ta bi ba. A ganinta ba a sallamar majinyaci yana tsakiyar jinya, sai ya miƙe. Ta bari sai ta gama ta tura gaba ɗaya.

Mako guda kafin ranar miƙa aiki, Dakta ta haɗa su biyu-biyu, kowa ya duba aikin ɗan'uwansa ya ba shi shawara. Ta jaddada cewa shawara kawai, ban da taɓawa. Sista ta faɗo hannun Malam Jan Biro. Ya karɓi fayil ɗinta ranar Litinin, ya dawo ranar Laraba yana girgiza kai.

"Sista, aikinki yana tafiya. Amma wannan ai allo ne da ba a taɓa gogewa ba tun farkon zango. Idona har ruwa yake yi."

"Bar shi haka, Malam. Ni na san inda komai yake."

Ranar Juma'a, ranar miƙawa, tana da ganin likitan bayanta da safe. Jakar kwamfutar tana yi mata nauyi, sai ta bar wa Malam ya riƙe mata, a buɗe, don ya yi dubawar ƙarshe. Ta dawo ƙarfe biyu ta tarar da shi yana murmushi kamar wanda ya yi wa maraya ɗinki.

"Na yi miki kwalliya," ya ce. "Ban taɓa ko layi ɗaya mai aiki ba. Matattun kawai na kwashe."

Ta duba. Layi ɗari shida, fes, kamar gadon da aka canja wa zani. Wata huɗu na rayuwarta babu alamarsu, kuma ba ta da wani kwafi. Ranta ya ɓaci har kunnuwanta suka yi zafi, amma mutumin nan alheri ya nufa, ga shi saura awa biyu a rufe ma'ajiya. Ta gwada manhajar, tana aiki. Ta haɗiye maganarta ta tura.

Ranar Litinin Dakta ta kira ta ofis. Ba ta yi mata tayin ruwa ba. Ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna mata.

"Sista, duba nan. Kowa a ajin nan ina da tarihin aikinsa, wani sau arba'in ya tura, wani sau sittin. Naki sau ɗaya ya shigo, a minti ɗaya, babu tabo ko ɗaya. Kuma akwai dabara a ciki da ban koya muku ba. Manhajarki ba ta da maɓallin gogewa. In an gyara abu sai ta ja layi a kan tsohon ta ajiye shi da lokaci da sunan mai gyara. Ƙwararru ke yin haka. Ke kuwa, ki yi haƙuri, na san makinki na zangon farko."

"Ni na rubuta, Dakta."

"Ina so in yarda. Wa zai shaide ki?"

Sista ta ɗago ta dube ta. Shekara ashirin ke nan da aka yi mata wannan tambayar, kusan da kalmominta.

Dakta ta ce ranar Alhamis kwamiti zai zauna. In ba ta kawo abin da zai nuna ita ta yi aikin ba, dokar makaranta kora ce, kuma za a rubuta dalili a takardarta. Sista ta sauko matakala tana riƙe da ƙarfe. Diflomar ma ba ita ta fi damunta ba. Ta yi shekara goma sha tara da makullin kabad ɗin magunguna masu haɗari a aljihunta, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Yanzu da furfurarta za a rubuta mata ɓarauniya.

Ta sami Malam Jan Biro a bencin da ke ƙarƙashin matakalar yana gyara wa wata jarida rubutu. Ta zazzage masa komai, ba ta rage ba.

"Ka goge mini shaidata, Malam. Ban sa ka ba, ban roƙe ka ba. Kuma ba zan ambaci sunanka ba, don in na ce ka taɓa aikina kai ma ka shiga uku. Amma ka sani ka cuce ni."

Malam ya cire tabarau, ya mayar. Sai ya naɗe jaridarsa ya miƙe ya tafi, ko sannu bai ce ba. Ranar Talata bai zo aji ba, ranar Laraba ma haka, wayarsa kuma tana ta ƙara ba a ɗauka. Sista ta ce a ranta, ashe jan biron a aljihu kawai yake da kaifi.

A gida maigidanta ya ce zai je ya rantse wa kwamiti cewa wata huɗu a kan cinyarsa yake cin abinci saboda ta mamaye tebur.

"Shaidar miji ai ba ta shiga, Baban yara."

"To su zo su ga teburin. Har ya lotsa wajen gwiwar hannunki."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Shi kaɗai ne bai tambaye ta ko da wasa ba, wai da gaske ke kika yi?

Ranar Alhamis ƙarfe goma ta shiga ɗakin taron. Dogon tebur ne, mutum uku a bayansa: Dakta, da shugaban sashe, da wata mata mai ɗaukar bayani. Sista ta fara magana ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Jan Biro ne, rigarsa duk ƙura, yanar gizo-gizo a hularsa, ya rungumo wata babbar ambulan.

"A gafarce ni," ya ce. "Ni ne mai laifin, kuma ga kayan laifin."

Ya zazzage takardu a kan tebur, shafi hamsin da uku, an ɗinke su da zare a kusurwa. Ya yi bayani a tsaye, hannu a baya, kamar ɗalibin da aka kama. Shi ba ya iya duba aiki a allon kwamfuta, sai a takarda da biro a hannu. Don haka ranar da aka ba shi fayil ɗin Sista ya je ɗakin karatu ya buga shi duka, ya bi layi-layi yana sa jan biro a kan waɗanda yake ganin a cire. Ranar Juma'a da ta bar masa kwamfutarta, sai hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi ya cire su da kansa.

"Shekara ashirin da biyu ban taɓa fita aji na bar allo da rubutu ba, ranka ya daɗe. Amma kuma ban taɓa yar da takardar da na yi wa maki ba, don wata rana uban yaro zai zo da ƙorafi. Matsalar, uwargida ta kwashe takardun ta zuba a ɗakin da nake tara na ɗalibai. Kwali talatin da ɗaya ne. Kwana biyu ina tono. Ban so in yi wa Sista alkawari ba kafin in gani da idona."

Dakta ta jawo takardun. Firintar ɗakin karatu tana buga rana a ƙasan kowane shafi, ga ta nan, kwana huɗu kafin ranar miƙawa. Ta fara karantawa a zuci, sai ta kasa, ta ɗaga murya.

"Talata, ƙarfe uku da minti arba'in na yamma. Ya ƙi tashi. An sauya layi na tamanin. Babu sauƙi. A ci gaba da lura." Ta juya shafi. "Laraba, sha ɗaya da kwata. Ya tashi, amma yana maimaita gado na huɗu sau biyu. Ba a san dalili ba." Ta sake juyawa. "Laraba, sha biyu saura biyar. An gano dalili. Laifina ne."

Mai ɗaukar bayani ta toshe baki da gefen mayafinta. Shugaban sashe ya ce wannan manhaja ce ko majinyaci? Sista ta ce ita dai haka ta iya.

Dakta ba ta tsaya nan ba, kuma Sista ba ta ga laifinta ba, don ita ma da haka za ta yi. Ta rufe ido ta buɗe wani shafi a tsakiya, ta ɗora yatsa a kan wani layi da aka kashe.

"Wannan me ya same shi?"

Sista ta leƙa. "Wannan ai shi ne ya ɓatar mini da gado na ɗaya. Kwana biyu ina nema. Mu a ɗakin jinya daga ɗaya muke fara ƙirga gadaje, ashe ita kwamfuta daga sifili take farawa. Duk wanda aka kwantar a gadon farko sai ta tsallake shi, ba magani ba komai. Da mutum ne da na kai ƙararsa."

Dakta ta ɗauko wani, Sista ta amsa. Ta ɗauko na uku, Sista ta amsa har da abin da ta ci karo da shi washegari. Sai Dakta ta ajiye takardun.

"Maɓallin gogewar fa? A ina kika koyi cire shi?"

"Ba cire shi na yi ba, Dakta. Ban taɓa tunanin a sa shi ba. A ɗakin da na tashi ba a goge rubutu."

Dakta ta miƙe tsaye, a gaban shugabanta, ta ce, "Sista, na zarge ki, kuma na yi kuskure. Ki yafe mini."

An wanke Sista tas, sai dai an ja mata kunne a kan rashin tura aiki a kan kari. Malam Jan Biro aka zaftare masa maki goma saboda taɓa aikin wani. Ya ce an yi masa sassauci, da shi ne da sha biyar zai cire. A bakin ƙofa Sista ta rasa ta inda za ta fara. Mutumin da ta ce ya cuce ta ya kawo kansa gaban kwamiti da ƙafarsa, alhali da ya yi shiru babu mai sani.

"Malam, na gode. Allah ya saka da alheri. Maganar da na faɗa maka ranar Litinin..."

"Daidai kika faɗa, ba gyara," ya ce. "Riƙe takardun, naki ne. Amma akwai waƙafi biyu da ke son gyara a shafi na tara."

Ta fito harabar makaranta da ambulan a ƙirji, zuciyarta cike da godiya har tana yi mata nauyi. Ta gode wa Malam, za ta gode wa Baban yara in ta koma. Amma tun a ɗakin taron ta san akwai wadda ta riga su duka, kuma ba ta taɓa jin ko sannu daga bakinta ba. Ta kira wata tsohuwar abokiyar aiki ta karɓi kwatance.

Ƙaramin gida ne mai baranda. Metiron na zaune a kujerar roba, ta rame, ta ranƙwafa, sanda a jingine da gwiwarta, agogon ƙirji irin na ma'aikatan jinya har yanzu a maƙale a rigarta. Sista ta durƙusa duk da bayanta, ta gaishe ta, ta fara faɗin ko ita wace ce.

"Na gane ki," in ji Metiron. "Mai farin ruwa. Ba ki zo taron ban kwanana ba."

"Ban zo ba, ranki ya daɗe. Kuma ba aiki ne ya hana ni ba."

"Na sani. Ni na sa hannu a takardar musanyar."

Sista ta ji kamar ta nutse. Ta ba ta labarin tun daga ciwon baya har kwamiti, ta miƙa mata takardun. Metiron ba ta san komai a kan kwamfuta ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ciro gilashin ƙara girman rubutu daga aljihu, ta bi gefen shafukan kawai, inda ranaku da lokuta suke. Ta daɗe tana juyawa. A shafi na talatin da bakwai ta tsaya.

"Nan babu lokaci."

Sista ta leƙa. Gaskiya ne, akwai rana, akwai sa hannu, babu lokaci.

"Kin tuna ƙarfe nawa ne?"

"Ban tuna ba."

"To kada ki ƙirƙira. Rubuta cewa bayanin ya zo a makare, ki sa lokacin yanzu."

Sista ta ciro biro, amma ba ta rubuta ba tukuna. Ta ɗago ido ta dubi tsohuwar.

"Mama, ni ba wannan ya kawo ni ba. Shekara ashirin ina jin haushinki. Yau abin da kika koya mini ne ya tsare mini mutuncina a inda ba ki taɓa takawa ba. Na gode. Wallahi na gode, kuma na ji kunyar daɗewar da na yi."

Metiron ta kamo agogon ƙirjinta ta kawo shi dab da gilashin.

"Ƙarfe huɗu da minti goma," ta ce. "Wanda ya zo a makare ma ana karɓa, in dai an sa lokacin gaskiya. Rubuta shi ma, a ƙasan wancan."

Sista ta ɗora takardar a gwiwa ta rubuta na gode, ta sa rana, ta sa lokaci, ta sa hannu. Metiron ta karɓi biron, ta duba rubutun sau biyu kamar yadda ta saba, sannan ta sa nata hannun a gefe.